Sabuwar Kakar Firimiya: Wa Ke Da Tabbacin Cin Riba?

A duk shekara, da zarar watan Agusta ya kama, hirar matasa a majalisu da gidajen kallon ƙwallo, daga Kano zuwa Maiduguri, takan koma kan tambaya guda: wace ƙungiya ce za ta lashe gasar Firimiyar Ingila? A da, musun kan ƙare ne a fatar baki, wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ya sha tsiya wajen abokai, gari ya waye kowa ya kama sabgarsa. Yanzu kuwa akwai wani baƙo da ya shigo majalisar, wato kamfanin caca. Tun kafin a take leda yakan fitar da jerin ƙungiyoyi 20, ya rataya wa kowace farashinta, ya ce duk wanda ya yarda da saninsa na ƙwallo ya sa kuɗi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da wannan farashi yake nufi. Idan kamfani ya ce zai ninka kuɗinka sau biyu in ƙungiya kaza ta ci kofi, yana nufin a lissafinsa damarta ta kusa rabi. Idan ya ce zai ninka sau 500, yana gaya maka ne a fakaice cewa ba ya tsammanin zai biya ka. Saboda haka jerin nan da ake yaɗawa a farkon kaka ƙiyasi ne da aka gina a kan sakamakon kakar da ta gabata, da 'yan wasan da aka saya, da kuma inda jama'a suke zuba kuɗinsu. Yana da amfani ga mai son sanin yadda duniya take kallon ƙarfin ƙungiyoyi, amma babu wanda ya san abin da zai faru a wasanni 380 da za a shafe wata tara ana bugawa.

Alal haƙiƙa, a mafi yawan lokuta ƙiyasin ba ya yin nisa da gaskiya, domin kofin Firimiya ba ya yawo. Daga 1992 da aka fara gasar zuwa 2025, ƙungiyoyi bakwai ne kacal suka ɗauke shi: Manchester United da Blackburn da Arsenal da Chelsea da Manchester City da Leicester da Liverpool. Daga 2018 zuwa 2025 kuwa, tsakanin ƙungiyoyi biyu ya riƙa kaiwa da komowa, City ta ci sau shida, Liverpool sau biyu. Haka abin yake a ƙasan teburi. A kakar 2023/24, ƙungiyoyi ukun da suka hau gasar, wato Luton da Burnley da Sheffield United, duk sun koma inda suka fito, kuma hakan ya maimaita kansa a kakar 2024/25 da Leicester da Ipswich da Southampton. To amma abin da kowa ya hango, kamfani ya riga kowa hangowa, don haka ɗan abin da zai ɗora wa wanda ya zaɓi babbar ƙungiya bai taka kara ya karya ba.

Wannan ne ya sa labarin Leicester ya zama jarin masu tallar caca. A farkon kakar 2015/16, kamfanonin Ingila sun sa mata ninki 5,000, ma'ana wanda ya sa naira 100 zai kwashi naira 500,000. Suna da hujja, domin a kakar da ta gabata da ƙyar ta tsira daga faɗuwa, bayan ta shafe watanni a ƙarshen teburi. Sai ga shi a ƙarƙashin koci Claudio Ranieri ta tara maki 81, wasa uku kawai ta rasa, ta ɗauki kofi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sau ɗaya irin wannan ya faru cikin shekara fiye da 30. Mutanenmu ma sun ga yadda aka ƙare, domin a watan Yulin 2016 Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma Leicester daga CSKA Moscow, aka riƙa bin wasanninta a gidajen kallo da ɗoki. Kafin watan Fabrairun 2017 ya ƙare an sallami Ranieri, ƙungiyar kuma ta gama kakar a mataki na 12.

Manyan ma ba su tsira daga irin wannan juyi ba. Chelsea ta ci kofi a 2015, a watan Disambar shekarar ta kori Jose Mourinho, ta ƙare a ta 10. A watan Agustan 2024, Manchester City ce kan gaba a jerin kamfanonin caca, kasancewar ta ci kofi sau huɗu a jere, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a tarihin babbar gasar Ingila. A watan Satumba ɗan wasan tsakiyarta Rodri ya ji ciwo a gwiwa a karawarsu da Arsenal, daga nan al'amura suka fara taɓarɓarewa, ta gama a ta uku. Liverpool da ake yi wa kallon mai jinyar tafiyar Jurgen Klopp ce ta ɗauki kofin a hannun sabon koci Arne Slot, ana saura wasa huɗu a kammala. Gaskiyar Bahaushe da ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Duk wannan kaiwa da komowa bai shafi aljihun kamfani ba, kuma dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. A ce za a jefa kwabo sama, mutum biyu kowa ya sa naira 1,000, ɗaya ya zaɓi gaba, ɗaya ya zaɓi baya. Adalci shi ne wanda ya ci ya karɓi naira 2,000. Kamfani kuwa sai ya ce naira 1,900 zai biya, ragowar naira 100 tasa ce ko ta wane gefe kwabon ya faɗi. Irin wannan yankan yana cikin kowane farashi da aka sa a kan kowane wasa. Shi kamfani ba ya goyon bayan Arsenal, ba ya kuma ƙin Chelsea. Buƙatarsa dai a yi ta sa kuɗi.

Inda abin ya fi muni shi ne tikitin nan mai tsawo da matasanmu suka fi so, wanda ake haɗa wasa goma ko fiye a takarda ɗaya da 'yan kuɗi kaɗan, da fatan samun miliyoyi. A ɗauka mutum masanin ƙwallo ne ƙwarai, har yana iya dacewa da sakamako sau bakwai cikin goma. Idan ya haɗa wasa goma, damar su zo daidai gaba ɗaya ba ta kai uku cikin ɗari ba. Sannan yankan kamfani yana taruwa daga wasa zuwa wasa: idan biyar cikin ɗari ne a kowane wasa, a tikiti mai wasa goma ya doshi kashi 40 cikin ɗari. Shi ya sa kukan da ake ji kowace Litinin iri ɗaya ne, wai wasa ɗaya ne ya lalata tikiti. Wannan kusa-da-ci ɗin ne yake komar da mutum Asabar mai zuwa.

Su kansu masu gasar sun fara jin nauyin abin. A watan Afrilun 2023, ƙungiyoyin Firimiya suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu daga ƙarshen kakar 2025/26, ko da yake yarjejeniyar ba ta hana sa su a hannun riga da allunan gefen fili ba. A watan Mayun shekarar aka dakatar da Ivan Toney na Brentford wata takwas saboda karya dokokin caca sau 232, a watan Oktoba kuma Sandro Tonali na Newcastle ya sami dakatarwar wata goma. Idan 'yan wasa masu ɗaukar maƙudan kuɗi duk mako sun kasa riƙe kansu, ina ga ma'aikacin da albashinsa ba ya kaiwa tsakiyar wata?

A nan gida, hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne, kuma a 2024 hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano. A watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar a yankunansu. Wannan ya ɗora nauyi a wuyan gwamnoni da majalisun jihohinmu. Sai dai garƙame shago yana kama ɗan talaka ne kawai, wanda yake tsayawa a layi da takarda a hannu. Ma'aikacin banki da malamin jami'a da jami'in gwamnati, shagonsu yana cikin wayar da ke aljihunsu, haɗe da asusun da albashi yake shiga, babu maƙwabcin da zai gani, babu ɗan Hisbar da zai ƙwanƙwasa ƙofa. Sau da yawa uwargida ba ta sanin halin da ake ciki sai kuɗin makarantar yara ya gagara biya.

Saboda haka aikin da ke gaban jihohi ya wuce sa kwaɗo a ƙofar shago. Akwai buƙatar a dubi tallar da take kwarara ta rediyo da talabijin da intanet a daidai lokacin wasa, a tilasta tantance shekarun masu buɗe asusun caca, a kuma koya wa ɗalibai irin lissafin da muka kawo a sama, domin yaron da ya fahimci yadda ake yankan ba zai yi saurin ruɗuwa da hoton wanda ya ci miliyoyi ba. Iyaye da masu gidajen kallo su ma suna da rawar takawa.

Ga mai son ƙwallo kuwa, babu laifi ya yi hasashensa, ya yi musu da abokai, ya ce bana kofin nasu ne. Daɗin gasar yana cikin rashin sanin yadda za ta ƙare, kuma wannan daɗi ba ya buƙatar tikiti. A watan Mayu ƙungiya ɗaya za ta ɗaga kofi, uku su faɗi, kociyoyi da dama su rasa aiki. Kamfanin caca ne kaɗai yake shiga kaka da sanin cewa lissafi yana gefensa, kuma daga aljihun 'yan kallo ribar take fitowa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah Ya sa mu gane.