Shanu A Kan Bashi, Ba Takarda

Duk wanda ya tashi daga Lafani ya je karar shanu ta Illela ran kasuwa, zai ga abin da kan ba baƙo mamaki. Mutum ya koro shanunsa daga Nijar ta Birnin Ƙonni, ya danƙa su hannun dillali, ya koma inuwa ya zauna abinsa. Sau da yawa ba a rubuta kome. Me ya sa hankalinsa a kwance yake?

Amsar tana can kudu, inda yawancin shanun nan suke ƙarewa. A 1962 da 1963 wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, yana duban cinikin Hausawa. Ya tarar mahauta Yarbawa suna karɓar shanu bashi, sai bayan makonni su biya. Mai shanu baƙo ne, bai san mahaucin ba, ko harshensa ba ya ji. Maigidan da ya sauke shi ne ya tsaya masa. Idan mahauci ya gudu da kuɗi, maigida zai biya daga aljihunsa.

Kada mu ce wauta ce. Maigidan da ya biya, labarinsa yakan riga shi isa arewa, baɗi fatake su cika masa zaure. Wanda ya noƙe kuwa, ba a kai shi gaban alƙali, gama babu bukata. Baƙinsa ne kawai za su sauka gidan maƙwabcinsa, la'ada ta tsaya, yaransa su watse. Haka nan mahaucin da ya ƙi biya: sai ya zagaya kara duka, ba mai sallama masa ko ɗan maraƙi.

A Illela ma mun san irinsu. Akwai dillalin da yakan sayar da sa, ya faɗa wa mai shi kuɗin da bai kai ba, ya soke ragowar. Akwai mai ɗura wa saniya ruwa ta kumbura, ya ɓoye ciwonta. Riba dai ya samu, ba mu musu. Amma masu kiwo suna haɗuwa a bakin rijiya, kuma ba shanu kaɗai suke shayarwa ba, hira suke yi. Kasuwa mai zuwa, sai su wuce turkensa ba ko sallama.