Yadda Kora Ta Amsa Tafin Gitanawa

A shekarar 1987 wani saurayi ɗan Bamako mai shekara 22, Toumani Diabaté, yana birnin Landan da korarsa. Kora rabin ƙatuwar ƙwarya ce da ake rufewa da fatar saniya, a kafa mata dogon wuya da tsirkiya 21. Mahaifinsa Sidiki shi ake wa kirari da sarkin kora a Mali, danginsu kuma suna ƙirga kakanni 70 makaɗa kafin a zo kansa. Ana nan sai wasu samari suka sauka Landan daga Madrid don yin wasa. Sunan ƙungiyarsu Ketama, kiɗansu filamenko. Wata masaniyar kiɗa, Lucy Durán, wadda mahaifinta ɗan Sifaniya ne, ita kuma ta koyi kora a Gambiya, ita ce ta haɗa su.

Ba mai jin yaren wani. Samarin suka ɗauki jita, suka fara tafi. Tafin filamenko ba na yabo ba ne, shi ne gangarsu. A salon da suke kira buleriya ana ƙirga bugu 12, nauyin yana faɗawa kan na 3, na 6, na 8, na 10 da na 12, mai rawa kuma yana sassara ƙasa da diddigen takalmi a tsakankanin bugun. Ƙwararrun makaɗa da yawa da ba su tashi a ciki ba sukan ɓace tun kafin a zagayo sau biyu. Toumani ya saurara, ya ɗora yatsunsa kan tsirkiya, ya shiga, bai ɓace ba.

Ni a ganina ba kunne kaɗai ya haɗa su ba, gado ne. A cikin 'yan Ketama, Juan da Antonio Carmona 'ya'yan Juan Habichuela ne, ɗan'uwansu Josemi kuma ɗan Pepe Habichuela, gidan makaɗan jita da ya fito daga Garnaɗa. Dukkansu Gitanawa ne, mutanen da kakanninsu suka baro arewacin Indiya, aka fara rubuta shigarsu Sifaniya a 1425. Ba su ji daɗin zaman ba. A 1499 sarakuna suka kafa dokar tilasta musu zama wuri ɗaya ko a kore su. A daren 30 ga Yuli 1749, zamanin Sarki Fernando na Shida, aka yi musu kamun kazar kuku a faɗin ƙasar, aka kama kimanin mutum 9,000, aka raba maza da mata, aka tura mazan aikin ƙarfi a tashoshin jiragen ruwan yaƙi. Daga unguwannin waɗanda suka tsira, a Sabiliya da Kadis da Heres da ke yankin Andalus, filamenko ya fito da muryar nan tasa mai kama da kuka. Akwai ma salon maƙera, martinete, wanda ba jita a cikinsa, sai murya da ƙarar guduma kan uwar maƙera.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mu ma maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gidan biki a Kakuri ko Barnawa ya ga yadda ake wa makaɗi liƙi har a rufe shi da kuɗi, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure gidan sai a fara tambayar asali. Haka Sifaniya ta yi da Gitanawa: ta ɗauki kiɗansu ta yi ado da shi a idon duniya, har UNESCO ta sa shi cikin gadon bil'adama a 2010, su kuwa masu shi ana ci gaba da yi musu kallon raini. Abin yana ci mini rai a can, yana ci mini rai a nan.

A 1988 suka haɗu a Madrid, tare da wani Baturen Ingila mai kaɗa babbar goge ta tsaye, Danny Thompson, suka naɗi faifai. Dattawan filamenko da ma suna ƙorafin cewa Ketama na gurɓata musu gado, ga shi yanzu sun jawo ƙwarya daga Mali. Faifan ya karɓu, ya kai sunan Toumani ƙasashen da ba a taɓa jin kora ba.

Sunan da suka sa masa shi ne Songhai, sunan wata tsohuwar daula, kuma akwai tsohon labari tsakanin wannan daula da Andalus. Wanda ya rusa ta ɗan can ne. Judar Basha an haife shi a Kuwebas da ke lardin Almeriya, aka kama shi yana yaro, ya girma a fadar Maroko. Sarki Ahmad al-Mansur ya tura shi da mayaƙa wajen 4,000, mafi yawansu masu bindiga, da yawa kuma 'yan asalin Andalus, suka keto Sahara. A watan Maris 1591 suka kara da rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi kusa da Gao. Mutanen Songhai suka koro garken shanu don su tattake baƙin, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su. Daular da Kanta na Kabi ya taɓa yi wa tawaye ta faɗi a hannun ɗan Andalus, jikokin sojojinsa kuma, waɗanda ake kira Arma, suna nan a Tumbutu har gobe.

A 1994 makaɗan suka sake haɗuwa don faifai na biyu. Wannan karon Toumani bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da mawaƙi Kassé Mady Diabaté, da Kélétigui Diabaté mai balafon, da Bassekou Kouyaté mai ngoni, ɗan'uwan molonmu. Toumani ya rasu a Bamako ranar 19 ga Yuli 2024 yana da shekara 58. Ɗansa Sidiki, mai sunan kakansa, tun yana ƙarami yake kaɗa kora, kuma sun fitar da faifai tare da mahaifin nasa a 2014.