Bayani Ga 'Yan Kasuwa Da Dillalai Kan Sayen Babbar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

'Yan'uwa da yawa daga Makera, da Kakuri, da masu rumfuna a Kasuwar Monday, sun dame mu da tambaya guda: wace kwamfuta ce mai faɗin fuska, mai jure wahala, wadda za ta riƙe lissafin kaya da na bashi? Ga abin da muka gani.

Da fari a rarrabe, domin kaya iri uku ne ake cuɗa su da suna ɗaya. Akwai ta 'yan fili, irin Panasonic Toughbook, wadda aka ƙera don ruwa da ƙura da faɗuwa. Tana da ƙarfi ƙwarai, amma fuskarta yawanci ba ta wuce inci 14, ga tsada, ga wuyar kayan gyara. Akwai kuma manyan na aiki mai nauyi, watau Dell Precision, da HP ZBook, da Lenovo ThinkPad masu harafin P, waɗanda fuskar wasunsu ta kai inci 17. Sa'an nan akwai na ofis, irin Dell Latitude da HP ProBook da sauran ThinkPad, da ake samu da fuska inci 15.6.

To, waɗannan na tsakiya su ne ke ɗaukar ido a kanti, kuma su mai saye ya kamata ya yi wa dogon tunani. An yi su ne don masu zanen gini, da safiyo, da masu haɗa fim da aikin ɗab'i. In kana cikinsu, madalla, saye. Amma mai sayar da atamfa ko siminti ko buhunan masara, wanda aikinsa bai wuce Excel da rasit ba, zai biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa mora ba. Mai inci 17 takan kai kilo 3, ban da caja, wadda ita ma kamar bulo take. Ka rataya wannan daga Makera ka haye gada zuwa Kasuwar Sheikh Gumi ka komo, kafaɗarka za ta ba ka labari.

Babbar magana ita ce wuta. Juya cajar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Ta manyan nan za ka ga wat 180, ko 200, har 240. Ta ofis kuwa yawanci 65. Gaskiya ba kullum take jan dukan wannan ba, sai in aiki ya yi nauyi, amma ko a zaune babbar ta fi ci, batirinta kuma ya fi saurin ƙarewa. Wanda ya dogara ga ɗan ƙaramin sola ko inbata a rumfa, ya lissafa wannan tun kafin ya taya. In kuma cajar ta ƙone, ba kowane kanti za ka shiga ka samu irinta ba, alhali ta 65 ko'ina akwai. Mu a wurinmu, ƙarfin kaya shi ne wanda in ya lalace da safe, mai gyara a cikin garin Kaduna zai tashe shi kafin la'asar.

Saboda haka ga yawancin 'yan kasuwa mun fi son ta ofis mai inci 15.6, wadda ke da madannan lamba daban a hannun dama kamar na kalkuleta. Mai shigar da farashi yini guda ya san amfaninsu. In faɗin fuska ake so don idon da ya fara gajiya, a sayi allo dabam a kafa bisa tebur, a riƙa jona ta. Ya fi araha nesa.

Sai zancen na hannu, 'yan tokumbo da ake saukewa ta Computer Village ta Ikeja a Legas, su hauro Arewa. A nan dillali zai buɗe ido. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman injin Intel zubi na 8 zuwa sama. Kada rubutun i7 ya ruɗe ka. Duba lambar da ke biye da shi. In ka ga 6820 ko 7700, zubi na 6 ne ko na 7, ta tsufa, kome kyan jikinta. In 8650 ce ko 8750, ta shiga. Wasu masu sayarwa kan cusa wa tsofaffin Windows 11 ta bayan gida, su ce ai ga ta tana yi. Tana yi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata gyara ba, kuma farashinta bai kamata ya yi kusa da na zubi na 8 ba.

Kafin kuɗi su fita: ma'ajiyarta ta zama SSD, domin ba abin da ke juyawa cikinta, girgizar Keke Napep ba ta dame ta ba. RAM kada ta gaza 8, in da hali 16. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko mahaɗinsa na ƙara ko ya saki. Zare caja ka bar ta tana aiki rabin sa'a kana kallon batir. Sa mai kaya ya shiga BIOS a gabanka, don wasu na zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su a Turai, kuma cire shi aiki ne.

Ƙurar hunturu kan toshe fanka, sa'an nan zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a toshe. A kai a busa ta in hazo ya ɗauke, kada kuma a aza ta kan buhu ko dilar yadi tana kunne.

Farashi ba mu sa ba, don yana bin dala, tun ba daga Yunin 2023 da aka saki naira ba. A taya wuri uku, a karɓi rasit mai lambar injin, a kuma rubuta kwanakin da za a iya komo da ita in aibi ya fito. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a sallama.