Bayani A Kan Ciwon Mafitsara Da Tsargiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Bayan haka, wannan bayani ne a kan zafin bawali, abin da kunya ta hana mutane da yawa faɗa, suka gwammace su kira shi sanyi, su sayi kafso a kasuwa su haɗiya.

A sani, akwai cututtuka biyu da ke kama mafitsara. Alamunsu sun yi kama, amma asalinsu daban, maganin ɗaya kuwa ba ya warkar da ɗaya.

Ta farko ita ce wadda ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Galibinsu a hanji suke zaune, ba su cutar da kowa a can, sai in sun sami hanya daga dubura zuwa mafitar bawali, su hau zuwa mafitsara su hayayyafa. Ta fi kama mata, domin hanyar bawalinsu gajera ce, wajen santimita 4, alhali ta namiji ta kai wajen 20. Tana kuma kama masu ciwon sukari, da dattawan da bawali ke fito musu da ƙyar. Alamunta su ne raɗaɗi wajen yin bawali, da yawan jin matsuwa alhali abin da ke fita kaɗan ne, da ciwon mara, da gurɓacewar bawalin. Idan zazzaɓi ya shiga, da makyarkyata, da amai, da ciwon kwiɓi, to cutar ta haura zuwa ƙoda, ba a kwana da wannan a gida. Haka mace mai ciki, ko da alamar ƙarama ce.

Ta biyu ita ce tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsarta a Alƙahira a shekarar 1851, sa'an nan a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta jikin katantanwar ruwa take bi. Mai tsargiya ya yi bawali a kududdufi ko a magudanar noman rani, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga katantanwa su yawaita, su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Su girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai, ƙwan kuwa yana da tsini, shi ke yaga bangon mafitsara. Don haka ne ake ganin jini a ƙarshen bawali. Wasu suna ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Rauni ne, in ya daɗe yana iya toshe hanyar ƙoda, har ya jawo ciwon daji a mafitsara.

Abin da ke rarrabe su shi ne awon bawali a asibiti, inda ake duba shi da madubin likita. Ta farko ana ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki, a sha yadda likita ya ƙayyade har ya ƙare. Kafso biyu na kasuwa suna kwantar da zafi, amma suna barin ƙwayoyi masu taurin kai waɗanda gaba ba za su ji magani ba. Tsargiya kuwa maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyin mutum ko tsawonsa, a sha bayan an ci abinci. Sai dai ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan.

Game da rigakafi, shari'a ta riga ta nuna hanya. Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Abu Huraira, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudana. Da an kiyaye wannan a kowane ruwa, da igiyar tsargiya ta tsinke. Haka nan Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha hanin yin salla alhali bawali ko bayan gida na matsar mutum. Ɗan kasuwan da ke riƙe bawali tun hantsi har la'asar don kada ciniki ya wuce shi, ko fatake a cikin mota, suna ba ƙwayoyin cuta lokacin hayayyafa. A yawaita shan ruwa, mai azumi tsakanin buɗa baki da sahur. A koya wa 'ya'ya mata yin tsarki daga gaba zuwa baya. Ruwan kududdufi, in ba makawa, a tafasa shi ko a ɗebe shi a ajiye kwana 2 kafin a yi wanka da shi.

Malamin da aka danƙa wa almajirai, amana ce a hannunsa. Ya tambaye su, ya duba inda suke wanka, wanda ya ga jini ya kai shi asibiti ba tare da ya kunyata shi ba. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya tsare masu ita. Amin.