Haruffa Takwas da Ba A Gani: Yadda Macintosh Ta Riƙa Gane Fayilolinta

Akwai wata magana da ta zauna wa mutane daram a kai, har wasu masu koyar da kwamfuta suna faɗa wa ɗalibai ita ba ko ɗar: wai kwamfuta ba ta da hanyar gane fayil sai ta 'yar wutsiyar nan da ke bayan sunansa, irin su .doc da .jpg da .txt. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma na gaji da jin ta. Wutsiyar nan dabara ce kawai da wasu magina manhaja suka zaɓa. Wasu kuma sun zaɓi wata, kuma a ganina tasu ta fi.

Tushen wutsiyar a kwamfutocin tebur shi ne CP/M, daga nan MS-DOS ta gada a 1981. A MS-DOS kowane fayil yana da gurbi na bayit 32 a rajistar faifai, kuma a nan ake cusa komai: suna mai haruffa takwas, wutsiya mai uku, girman fayil, ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe, da inda ya fara a kan faifai. Wuri ya yi kaɗan, sai aka ɗora wa suna aikin da ba nasa ba.

A watan Janairun 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh, kuma su Bruce Horn da Steve Capps, waɗanda suka rubuta manhajar Finder mai nuna fayiloli a allo, suka bi wata hanya dabam. Suna na mai kwamfuta ne, ya sa abin da ya ga dama, da tazara tsakanin kalmomi da komai. Ita kuwa na'ura sai ta ajiye wa kanta lambobi biyu a rajistar faifai, kowacce haruffa huɗu, waɗanda mai amfani ba ya gani. Ta farko tana faɗin nau'in fayil: TEXT rubutu ne zalla, PNTG zane ne, APPL manhaja ce. Ta biyu tana faɗin wanda ya ƙirƙire shi: MPNT na MacPaint, MSWD na Microsoft Word, 8BIM na Photoshop da ya zo daga baya. Apple ne ya riƙa rajistar waɗannan lambobi na biyu don kada kamfanoni biyu su yi karo.

Duba abin da wannan ya haifar. Ka rubuta wasiƙa a Word ka sa mata suna “Wasiƙa zuwa ga Yaya”. Gobe ka sake mata suna, ka ƙara ɗigo da duk haruffan da kake so a ƙarshe. Ka danna ta sau biyu, Word ce dai za ta buɗe, domin sunan bai taɓa zama abin da na'urar ke dubawa ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne amfanin raba lambobin gida biyu. Fayiloli biyu za su iya zama nau'i ɗaya, dukkansu TEXT, amma kowanne ya buɗe a manhajar da ta haife shi. Sannan duk manhajar da ta iya karanta TEXT za ta ga su biyun a jerinta idan ka ce ta buɗe fayil. Tambayoyi biyu ne daban, “mene ne wannan?” da “na wane ne?”, kuma wutsiya ɗaya ba ta iya amsa su duka.

Lambobin suna cikin wani ɗan gurbi na bayit 16, tare da wurin da hoton fayil ɗin yake zaune a taga. Shi ya sa in ka ja shi zuwa kusurwar hagu, ka cire faifai ka kai wata Macintosh, a kusurwar hagun za ka same shi.

To shi ɗan hoton fa, daga ina yake zuwa? Nan ma mutane kan ɗauka yana cikin takardar. A'a. Hoton yana cikin manhajar da ta ƙirƙiri takardar. Idan Finder ta ga sabuwar manhaja, sai ta kwafi hotunanta ta zuba a wani ɓoyayyen fayil mai suna Desktop da ke kan kowane faifai. In ta zo nuna takarda, sai ta haɗa lambobin nan biyu ta nemo hoton da ya dace. Ranar da Desktop ya rikice, sai ka ga takardunka duk sun koma farar takarda mai lanƙwasasshen kunne, ka danna ɗaya na'ura ta ce ba ta ga manhajarta ba. Maganin kowa ya san shi a wancan zamani: ka danne maɓallan Command da Option yayin da kwamfuta ke tashi, ta sake gina shi. Sai dai akwai asara. Bayanin da mutum kan rubuta game da fayil a akwatin Get Info, shi ma a Desktop ake ajiye shi, don haka sake gini yana share shi tas, kuma haka aka yi ta fama shekara da shekaru kafin a gyara a System 7.5.3, wata siga ta babbar manhajar Macintosh.

Hatta foldojin farko ba na gaske ba ne. Tsarin MFS na faifan kilobayit 400 jeri ɗaya ne miƙaƙƙe, kowane fayil yana ɗauke da lambar folda kawai, Finder ce ke zana su kamar suna ciki. Saboda haka fayiloli biyu ba sa iya ɗaukar suna ɗaya a faifai ɗaya ko da foldojinsu daban. Tsarin HFS na 1985 ne ya kawo foldoji na haƙiƙa, da kundi mai rassa da ke saurin nema, da suna har haruffa 31.

Lokaci kuma daƙiƙoƙi ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairun 1904, a gurbi na bayit huɗu, wanda zai cika a watan Fabrairun 2040. Kuma ana ajiye ranar ƙirƙira daban da ranar gyara, abin da MS-DOS ta farko ba ta yi.

Inda tsarin ya sha wuya shi ne in fayil ya bar gida. Fayil na Macintosh reshe biyu ne da shi, ɗaya na ainihin abin da ke ciki, ɗaya na kayan aiki kamar hotuna da jerin umarni da saƙonnin manhaja. Yawancin sauran kwamfutoci reshe ɗaya suka sani, kuma ba su da inda za su sa haruffan nan takwas. Fayil ya bi waya ya dawo, sai ya iso ba nau'i ba mahalicci. Dole aka riƙa amfani da MacBinary da BinHex don a naɗe komai a ƙunshi ɗaya kafin a aika. Da intanet ta mamaye ko'ina, kuma mafi yawan na'urorin da ke kanta wutsiya suke dubawa, sai Apple ya fara sassautawa. Mac OS X ta 2001 ta rungumi wutsiya, sannan a 2009 sigar Snow Leopard ta daina duba lambar mahalicci wajen buɗe takarda. Abin ya ba ni haushi har yau. Don a rufa wa wutsiyar asiri sai aka koma ɓoye ta daga idon mai amfani, kuma in ka kuskura ka canza ta, na'ura ta tsare ka da tambaya ko ka tabbata.