Gwajin sabon maganin gigin tsufa: abin da iyali ya kamata su sani kafin su sa hannu

A garuruwanmu, idan dattijo ya fara manta sunan jikokinsa, ko ya fita gida ya kasa gane hanyar dawowa, sai a ce gigin tsufa ne. Likitoci kuwa sun ce cuta ce da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho ke kamuwa da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mafi yawanta nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906.

Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Abin da aka samu shi ne mai rage mata gudu. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Leqembi, a 2024 kuma da Kisunla. An gwada Leqembi a kan mutum 1,795 tsawon wata 18, ana yi musu ƙarin ruwa duk bayan mako biyu, sai aka ga saurin lalacewar tunani ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. Amma kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburi a ƙwaƙwalwa, a gwajin Kisunla kuwa mutum uku suka rasu a dalilin irin wannan matsala. Farashin da aka sa wa Leqembi a 2023 dala 26,500 ne a shekara, wajen sefa miliyan 15 ke nan.

To ina ruwanmu da gwajin da aka yi a ƙasashen waje? Ruwanmu shi ne baƙar fata ba su kai kashi 3 cikin ɗari na mutanen da aka gwada wa Leqembi ba, alhali cutar ba ta kama kowane jinsi iri ɗaya. Wani bincike da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis a Amurka, ya gano cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma wata ƙwayar halitta da ke ƙara haɗarinta ga Turawa ba ta da wannan ƙarfi ga Yarbawa. Saboda haka masana ke kiran a riƙa sa 'yan Afirka cikin gwaji, don a san yadda magani ke aiki a jikinmu.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan ba a manta ba, a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75.

Don kada a maimaita irin wannan, ga abin da ƙa'idar bincike ta duniya ta tanada. Dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa amfani da haɗari, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa da yardarsa. Idan tunanin dattijo ya raunana, wakilinsa ne zai ba da izini, amma in shi da kansa ya nuna ba ya so, ba a tilasta masa. Yana da damar janyewa ko yaushe, ba tare da an hana shi kulawar asibiti ba. Kuma sai kwamitin kula da ɗa'ar bincike na ƙasa ko na asibiti ya amince kafin a fara.

Iyali su sani cewa ba kowa ke samun maganin ba. A gwajin Leqembi rabin mutane ruwan da ba magani a ciki aka ba su, kwamfuta ce ta jefa ƙuri'a, likita ma bai san wa ya samu me ba. Akwai kuma zirga-zirga: ɗibar jini, ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, da ɗan rakiya da zai riƙa ba da labarin halin da mara lafiya ke ciki. Ga ɗan kasuwa, wannan na nufin rufe rumfa ko barin ranar kasuwa. Don haka a tambaya tun farko: wa zai biya kuɗin mota? Wa zai ɗauki nauyin jinya in magani ya yi illa? Za a ci gaba da ba da shi bayan an gama?

Gwaji na gaskiya a asibiti ake yin sa, da takardu, kuma ba a karɓar ko sisi daga mara lafiya. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika yana tallan sabon maganin mantuwa, kuɗinku yake nema. A fara kai dattijo wurin likita, domin wata mantuwar daga ƙarancin sinadarin bitamin B12 take ko daga matsalar maƙoƙo, kuma waɗannan suna da magani.