Scream 2 da Scream na Farko: Shin Kashi na Biyu Ya Kai Na Asali?

A rumfunan masu tura finafinai a waya da ke Jibiya da Magama, kamar na sauran garuruwan Arewa, ba kasafai mutum yake karɓar fim guda ɗaya ba. Yakan miƙa memori ko wayarsa a cika masa, musamman direbobi da yaran mota da kan yi doguwar jira a bakin iyaka kafin su wuce Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Idan fim yana da kashi-kashi, tambayar ita ce ko na biyun ya cancanci gurbin da zai ci a memori. Wannan bayani ya ɗauki Scream na 1996 da Scream 2 na 1997 domin amsa tambayar, saboda finafinai ne da aka gina tsoronsu a kan na'urar da kowa ke riƙe da ita a yau, wato waya.

A sani cewa bayanin zai tona ƙarshen labaran biyu. Haka kuma finafinan suna ɗauke da jini da kisa da kalaman da ba su dace da yara ba.

Wane irin fim ne wannan?

A cikin finafinan ban tsoro akwai wani reshe da babu aljani ko fatalwa a cikinsa. Mutum ne yake rufe fuska, ya ɗauki wuƙa, ya riƙa bin matasa ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga wadda za ta tsira ta tona asirinsa. Halloween na 1978 da Friday the 13th na 1980 su ne suka shahara da wannan salo. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 masu kallo sun gaji da shi, domin kowa ya haddace yadda labarin zai kaya.

Scream ne ya farfaɗo da shi. Wes Craven ya ba da umarni, Kevin Williamson ya rubuta, aka sake shi a Disamban 1996. An kashe wajen dala miliyan 15, ya kawo sama da dala miliyan 170. Ba a cika shekara ba aka saki Scream 2, ranar 12 ga Disamban 1997, da darakta da marubuci iri ɗaya, shi ma ya kawo kusan adadin kuɗin na farko.

Wanda ya saba da finafinan Kannywood na zamanin kaset da faifai ya san cewa “1 da 2” labari ɗaya ne aka raba gida biyu. Nan ba haka ba ne. Scream ya ƙare labarinsa, makasan biyu sun mutu. Don haka aikin na biyu ya fi wuya: dole ya nemo sabon dalilin da zai sa wayar Sidney Prescott ta sake ƙara.

Yadda na farko ya dogara da waya

Fim ɗin farko ya buɗe da wata budurwa, Casey, ita kaɗai a gida da dare. Wayar gida ta yi ƙara, wata murya da ba ta sani ba ta fara janta da hira. Fiye da minti goma ana wannan kira, kuma duk tsoron ya ta'allaƙa ne a kan abu ɗaya: ita ba ta san wanda ke magana ba, shi kuwa yana kallonta. Wayar tata ta girke ce, an ɗaure ta da gida ɗaya, tasa kuma ta hannu ce, yana iya zagaya gidan da ita. Ko da iyayenta suka dawo, uwar ta ɗaga wani kan wayar da ke layi ɗaya, ta ji numfashin 'yarta na ƙarshe. Wannan ba zai yiwu da wayar salula ba.

A 1996 wayar salula ba ta yawaita a hannun matasa ba, har mallakarta ma abin zargi ne. Lokacin da waya ta faɗo daga jikin Billy, saurayin Sidney, nan take ta zarge shi, 'yan sanda kuma suka tsare shi suna tambayar abin da ya haɗa shi da ita. Da aka binciki bayanan kamfanin waya, sai aka ga kiran ya fito ne daga layin mahaifin Sidney. Daga baya aka gane makasan sun kwafi layinsa ne.

Wannan ba ƙirƙirar fim ba ce. Tsoffin wayoyin salula na Amurka suna aika lambar shaidar na'ura da lambar layi a iska ba tare da an lulluɓe su ba. Mai na'urar sauraro yana iya kama lambobin biyu ya ɗora wa wata waya, ya riƙa kira kamar shi ne mai layin. Tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, ya toshe wannan ƙofa, domin mabuɗin sirrin yana zaune a cikin katin sim, ba a aika shi a iska.

Yadda na biyu ya amsa

Abin da ya ceci Scream 2 shi ne bai yi kamar duniya ta tsaya ba. Sidney ta shiga jami'ar Windsor. A fitowarta ta farko wani ya kira ta da muryar makashin domin ya tsorata ta. Sai kawai ta dubi ƙaramin akwatin da ke gefen wayarta, ta karanto masa sunansa da lambarsa. Akwatin shi ne mai nuna lambar mai kira: ofishin waya yana turo lambar a matsayin bayani tsakanin ƙarar farko da ta biyu, na'urar ta nuna a allo. Cikin minti ɗaya fim ɗin ya amince cewa makamin na farko ya dakushe.

Daga nan sai ya juya matsalar. A na farko, waya ɗaya a hannun yaro ta isa hujja. A na biyu, makashin ya kira wayar Gale da rana tsaka a filin jami'a, Randy ya ɗauka, abokansa Gale da Dewey suka bazama suna fizge wayoyin ɗalibai domin su gano mai kiran. Ba su same shi ba, saboda masu waya sun yi yawa. Kafin su ankara an ja Randy cikin mota an kashe shi. Abin da ke ɓoye mai laifi yanzu shi ne taron jama'a.

Intanet ma ya shigo. An aiko wa Sidney saƙon barazana a kwamfutar ɗakin karatu, daga wani da ke cikin ɗakin. A ƙarshe an bayyana cewa makasan biyu a intanet suka haɗu. Har a wajen fim ɗin intanet ya yi tasiri: wani daftarin labarin ya fita a shafukan intanet tun ana cikin aiki, abin da ya sa aka tsananta tsaro, aka hana 'yan wasa ganin shafukan ƙarshe har sai da lokacin ɗaukarsu ya matso.

Inda na biyu ya fi, da inda ya gaza

Ta fuskar tsara fage mai ɗaga hankali, na biyu ya kai na farko, wani wurin ma ya wuce shi. Ya buɗe a gidan sinima inda ake nuna Stab, fim ɗin da aka yi a kan kashe-kashen na farko. 'Yan kallo da yawa sun sa fuskar makashin don wasa, saboda haka aka caka wa wata ɗaliba wuƙa a gaban kowa, jama'a suna ihun murna suna zaton talla ce. Sai fagen ɗakin ɗaukar sauti, inda Gale ke bayan gilashin da murya ba ta ratsa shi, ana caccakar Dewey a ɗaya ɓangaren yana kiranta ba ta ji. Sai kuma fagen motar 'yan sanda da ta yi hatsari, inda Sidney da ƙawarta ba su da mafita face su haura ta kan makashin da ya suma a kujerar direba.

Mutanen labarin ma sun girma. Sidney ba ta yarda da kowa, har da sabon saurayinta, kuma wannan rashin yardar ya jawo mata asara. Cotton Weary, wanda ta taɓa sa aka ɗaure bisa kuskure, ya fito yana neman suna, mai kallo bai san ɓangaren da zai bi ba sai a minti na ƙarshe.

Rauninsa yana wajen tona asiri. A na farko, Billy da Stu suna gaban mai kallo tun daga farko, ana dariya da su, don haka bayyanarsu tana da zafi. A na biyu makasan su ne Mickey, ɗalibin da ya ɓace daga labarin na tsawon lokaci, da mahaifiyar Billy, wadda ta riƙa giftawa a matsayin 'yar jarida. Dalilinta na ɗaukar fansar ɗanta yana da ma'ana, amma mai kallo bai zauna da ita ba balle ya ji ciwon cin amana. Fim ɗin kuma ya kai awa biyu, ya fi na farko da kusan minti tara, kuma tsakiyarsa tana jan ƙafa.

Abin da ya tsufa da wanda bai tsufa ba

Mai kallo a Jibiya ba ya buƙatar a koya masa tsoron baƙuwar lamba. A yankin da 'yan bindiga ke amfani da waya wajen neman kuɗin fansa da karɓar bayanai daga masu yi musu leƙen asiri, ƙarar waya da tsakar dare ba abin wasa ba ce. Wannan ne ya sa a Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Jibiya, aka shafe watanni a haka. Ga kuma zaman bakin iyaka, inda waya ɗaya kan ɗauki layin Najeriya da na Nijar, lamba mai 234 da mai 227, kowanne ƙarƙashin kamfani da hukumar ƙasarsa. Bin sawun kira a irin wannan wuri ba kamar na ƙauyen Woodsboro ba ne, inda shugaban 'yan sanda ke jiran takarda daga kamfani ɗaya.

Idan aka auna da wannan, darasin na biyu ya fi kusa da yau. Ganin lamba a allo ba ya nufin an san mai kira. Ana iya ɓoye lamba a GSM. Ana iya yin kira ta intanet da lambar bogi. Manhajar Truecaller tana nuna sunan da wasu masu amfani da ita suka ajiye ne, ba sunan da hukuma ta tantance ba. Haɗa layi da lambar NIN, wanda aka fara tilastawa a Disamban 2020, ya rage layukan da ba su da mai su, amma bai hana amfani da wayar sata ba, ko karɓe layin mutum ta hanyar yi masa walkam bak da bayanan ƙarya. Wannan shi ne magajin kwafar layin da aka gani a fim na farko.

Abu ɗaya da finafinan biyu suka wuce gona da iri shi ne na'urar sauya murya. Irin waɗannan na'urori na wancan lokaci suna ɗaga murya ko su saukar da ita ne kawai, ba za su mai da mace da namiji su zama murya ɗaya tak ba. Ainihin muryar ta ɗan wasa Roger L. Jackson ce, wanda ke kiran 'yan wasan ta waya daga inda ba sa ganinsa. Sai dai abin da ya kasance ƙarya a 1997 ya zama gaskiya yanzu, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sautinsa. Duk wanda aka kira da muryar ɗan'uwansa ana neman kuɗi cikin gaggawa, ya katse ya kira lambar da ya sani da kansa, kuma kada ya karanta wa kowa lambar sirrin da banki ya turo masa.

Kafin a tura maka

Ingancin fayil yana shafar hukuncin da mutum zai yanke. Fim na awa biyu da aka matse zuwa MB 300 yana samun kusan kilobit 330 ne a daƙiƙa, hoto da sauti a haɗe. Wurin da matsi ya fi ɓatawa shi ne duhu, inda inuwa ke komawa dunƙule-dunƙulen baƙi. Na farko, wanda dogon ƙarshensa ya gudana da dare a gida ɗaya, yana wahala a irin wannan fayil, haka ma fagen motar na biyu. Gara a nemi mai 720p idan gurbi ya samu. A kuma sa abin kunne, domin fagen ɗakin sauti da shirun cikin mota ba sa aiki a lasifikar waya a tsakiyar hayaniyar tasha. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya nemi mai rubutun fassara a ƙasa, saboda rabin daɗin finafinan yana cikin hirar da ake yi ta waya.

Hukunci

Scream na farko yana nan a gaba. Shi ya zo da dabarar, kuma ƙarshensa ya fi ciwo. Amma Scream 2 yana cikin 'yan ƙalilan na biyu da ba su kunyata na asali ba, domin ya lura cewa fasahar da tsoron ya dogara da ita ta sauya cikin shekara guda, ya sauya tare da ita. Idan gurbin fim ɗaya ne ya rage a memori, a ɗauki na farko. Idan akwai na biyu, a haɗa duka, a kuma kalle su a jere, domin wanda ya fara da na biyu zai san makasan na farko tun kafin a yi nisa.